Ajiyar Albasa a Gida Mai Ƙofa Ɗaya

Ku samarin yanzu kuna cewa ajiyar albasa ba aiki ba ne. A zuba ta a rudu lokacin da take arha, a rufe, a kwanta a inuwa, a buɗe in ta yi tsada. Na ji wannan maganar a bakin 'yan jami'ar nan, na ji ta a bakin 'ya'yan maƙwabtana. Har wasu sun zo zaurena suna tambayar yadda za su kafa rudu a bayan ɗakin uwarsu. Sunana Sahabi. A Aliero aka haife ni, a nan na yi sana'ar tun gemu bai fito mini ba har ya yi fari. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Zan faɗi abin da na gani.

Aikin farko da Kawu Nomau, ƙanen uwata, ya ba ni shi ne haƙa ramin dirka. Rudu rumbun albasa ne. Ana kafa dirkoki, a shimfiɗa sanduna da kara a kansu don kada albasa ta taɓa ƙasa, a kewaye da kara yadda iska za ta riƙa ratsawa, a ɗora jinkar ciyawa a sama. Na haƙa ramin, na kafa wani ɗanyen itace da na saro a bakin hanya. Kawu ya zo ya sa ƙafa ya ture shi.

"Wanga abincin gara na," ya ce. "Tahi ka nemo kirya."

"Kawu, kirya tana da nisa."

"To ka tashi da wuri."

Na tashi da wuri. Na kawo kirya a kai, ya sa na zuba toka a ramin kafin in kafa, ya sa na daddale da dutse. Bai ce na yi daidai ba. Kawu ba ya yabo. In bai ture ba, ya yi.

Tsinta ita ce rabin sana'ar. Ranar da manomi ya kawo kaya ba a juye buhu a rudu. A kan tabarma ake zazzagewa, a zauna, a ɗauki kowace ɗaya a hannu. Ka matsa wuyanta da babban yatsa. In ya bushe ya tsuke, ta shiga. In yana da kauri da laushi, ruwa na ciki, a kai ta kasuwa yau. Wadda fartanya ta taɓa ba ta shiga. Wadda aka yanke wa lawashi yana ɗanye ba ta shiga. Akwai kuma wadda aka ɗura wa takin zamani har ta yi girman kan jariri, tana sheƙi, mai ita yana taƙama da ita. Ita ce ke fara ruɓewa, kuma sai ta ja na kusa da ita.

Na tuna ranar da Alhaji Manu na Karaye ya fara kawo mini kaya, bayan Kawu ya rasu na gina nawa gidan. Babban manomi ne, yana da motar kansa. Ya zauna a kan kujera yana kallon tulin da nake warewa gefe yana girma.

"Sahabi, kai ɗan ajiya na ko alƙali? Ka hidda mani rabin kaya."

"Alhaji, wagga ba ta kai tsakar damina."

"Dube ta da kyau. Ta hi kanka girma."

"Shi ya sa."

Ya yi dariya, ya sa aka loda su aka kai Jega. Da kaka aka buɗe rudunsa, abin da ya shiga ya fito da kyau, sai 'yar ramar da albasa ke yi in ta sha iska. Shekara ta zagayo ya dawo da surukansa biyu. Daga shi mutanen Karaye suka san ƙofata.

Bayan an rufe rudu kuma, hanci ne kayan aiki. Kowace safiya sai na zagaya su ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa. In durƙusa in leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo. In ka ga ƙananan ƙudaje sun taru a kusurwa guda, akwai gawa a ciki. Sai ka zare kara, ka cusa hannu har kafaɗa, ka lalubo ta, ka cire ta da duk wadda ta jingina da ita. Warin yana kwana a hannu, sabulu ba ya fitar da shi. Da damina, in an yi ruwa da iska, ka hau ka duba jinka. Ɗigo ɗaya da ba ka gani ba yana cin kusurwa guda. Wannan ita ce kwanciyar inuwar da kuke faɗa.

Za ku ce me ya sa a cikin gida. A gona ma ana kafa rudu, amma sai da mai gadi, shi kuwa mai gadi yana da ciki, yana da 'yan'uwa. Gidana gidan aure ne, ba shiga. Irin na Kawu na gina: ƙofa ɗaya, zaure, daga zaure sai lungu mai lanƙwasa don kada na waje ya hango tsakar gida. Buhu ɗaya ke wucewa, shi ma sai mai ɗauka ya karkata. Ba namijin da ke ƙetare zauren nan sai ni, sai 'yan dako ranar zuba da ranar kwasa, bayan mata sun shiga ɗaki. Ban taɓa sayen kwaɗo don rudu ba. Kullen shi ne kwaɗon.

Ba ɓarawo kaɗai manomi ke gudu ba. Yana gudun ƙanensa mai neman aure, da surukinsa mai rance, yana gudun kansa ma ranar da hannu ya bushe. Albasar da ke tsakar gidan wani, inda mai ita ba ya iya shiga ya gan ta, ita ce ke kai lokacin tsada. Mutum ya zo da damina ya zauna a zaurena ya ce in fito masa da kaɗan. In ce masa da hadari a gabas, rudu ba ya buɗuwa yau. Ya yi mini baƙar magana ya tafi. Da kaka ya zo da goro.

Ladan ajiya ba ranar zuba ake bayarwa ba. Sai ranar kwasa, a ware maka kasonka cikin abin da ya tsira. Daga bazara har kaka ba abin da ke shigowa hannun mai rudu. A wannan tsakanin Hassi, matata, ke riƙe da gidan. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. Ta soya gyaɗa, a kai inji, ta murza, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta toya. Murhunta a tsakar gida yake, tana hura shi da kara da ɓawon gyaɗa. Mata masu sari suna zuwa su ɗauka su kai Jega. Kaskonta muke ci rabin shekara, ruduna rabin shekara. Wuta a wannan gefe, ciyawa a wancan, haka muka tashi 'ya'yanmu.

Wanda ya fara yi mini maganar inshora Malam Markus ne, malamin gona a sakatariyar ƙaramar hukuma. Mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista. Yana da 'yar gona a fadama, yana kawo mini 'yan buhunansa. Ran Juma'a, da yake ana tashi ofis da wuri, sai ya zo ya zauna a zaurena ya jira in dawo masallaci. Hassi ta aiko masa da ƙuli mai zafi a faranti. Ya daɗe yana zuwa, bai taɓa leƙa lungun ba. Wata rana yana tauna ƙuli ya ɗaga hanci.

"Baba Sahabi, wutar nan da nake jin hayaƙinta, ina take da rudun?"

"Kusa."

"Kusa yaya?"

"In Hassi ta miƙa muciya ba ta taɓawa."

"In iska ta miƙa fa?"

Ya ce akwai kamfanonin da ake ba wani abu kaɗan duk shekara, in gobara ta zo su ɗauki hasarar. Na ce na ji malamai na cewa caca ce. Ya ce akwai wadda Musulmi suka tsara ta karo-karo, in tambaya in ji. Na tambaya, aka ce akwai. Shi da kansa ya ɗauko mutumin kamfanin daga Birnin Kebbi, da man babur ɗinsa.

Mutumin mai ladabi ne. Na sa mata suka shiga ɗaki, ya bi lungun a karkace, jar ƙasa ta shafi farar rigarsa. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi rudun, ya dubi murhu, ya sake duban rudun. Ya tambayi albasar ta wa. Na ce ta mutane. Ya tambayi ina ɗaya ƙofar. Na ce babu. Ya tambayi ruwa. Na nuna masa randa.

Muka koma zaure ya yi mini bayani ba ɓoyo. Gida suna karɓa, in gidan zama ne kawai. In ana sana'a a ciki, inshorar gida ba ta rufe kayan sana'a, wata ce daban. Kayan mutane da ke hannunka amana kuwa, wannan ma wata ce. Ya ce duk suna yi, amma ba a wannan tsakar gidan ba. Ko in fitar da rudun bayan gari, ko in gina sito na bulo da kwano, ko a daina tuya a kuma fasa ƙofa ta biyu wadda ruwa zai iya shiga.

Na zauna da maganar. Bayan gari ba kulle, sai gadi. Bulo da kwano suna dafa albasa tun kafin damina. Hassi ta daina tuya, mu ci me har kaka? Ƙofa ta biyu kuwa, ranar da manoma suka ji ta, ranar gidana ya zama kamar na kowa. Abin da ya sa mutane ke kawo mini kaya shi ne abin da ya sa kamfani ba zai karɓe ni ba. Na yi wa mutumin godiya, Hassi ta aiko masa da kwalbar mai. Na gina 'yar katanga tsakanin murhu da rudu, na ajiye duro biyu na ruwa. Iyakar abin da na iya ke nan.

Shekarar da abin ya faru, albasa ta yi kyau yadda ban taɓa gani ba. Kowane rudu na cika shi har wuya, na ƙara kafa wani kusa da katangar murhu don ba wuri. A shekarar ne wani Tunau na Birnin Malam ya fara zuwa. Siririn mutum ne, mai kaifin baki, gonarsa 'yar ƙarama. Kullum a bakin gona yake sayarwa da arha. Bana ya ce zai daure ya ajiye, in ta yi tsada ya sayi injin ban ruwa ya huta da haya. Da jakin aro ya yi ta kawowa. Yana tsaye a kaina har na gama tsinta.

"Kak ka hidda mani ko ɗaya don mugunta," ya ce.

"Taka ba ta sha taki ba. Dut tana shiga."

"Talauci ya yi rana ke nan."

Ƙarshen bazara ne, ran Juma'a, rana tsaka, ruwan fari bai sauka ba, komai ya bushe ƙayau. Duk mazan unguwa muna masallaci. Hassi na tuya. Guguwa ta shigo tsakar gida, irin 'yar ƙaramar nan da ke tashi da zafin rana, ta ɗebi ɓawon gyaɗa mai wuta daga bakin murhu, ta ƙetare katangar da na gina, ta zuba a kan jinkar sabon rudu. Hassi ta ce kafin ta kai ga duro, jinka ta biyu ta kama.

Namiji ɗaya ne a kusa, Malam Markus, yana zaure yana jirana. Ya ji ihu, ya ga hayaƙi, ya miƙe ya tsaya a bakin lungu yana sallama. Shi ya gaya mini da bakinsa, ya ce ƙafarsa ta ƙi wucewa. Sai da Hassi ta ɗaga murya ta ce, "Shigo, Malam, yau ba kulle." Ya shiga. Bai taɓa albasa ba. Yara ya kwaso, ya dawo ya jawo Hassi, wadda ke fizgar kara mai wuta da hannu. Daidai ya yi.

Da aka sallame muka ga hayaƙin daga ƙofar masallaci. Jama'a suka zo da gudu, 'yan ga-ruwa suka turo kurarsu. Kura ba ta shiga lungu. Mai shiga da jarka ya yi karo da mai fita da wofi, suka toshe hanyar. Mutane sun fi ƙarfin wutar nan yawa, amma ɗaya-ɗaya suke isa gare ta, a karkace. Wasu suka zagaya baya da diga suka fasa katanga. Kafin su huda, jinkar ƙarshe ta rufta.

Albasa ba ta zama toka. Dahuwa take yi. Unguwa ta cika da ƙamshin gashi, yara na tsinta suna ci. Kwana kaɗan ta koma ruwa, wari ya hana maƙwabta cin abinci a waje. Da amalanke muka yi ta kwasa muna zubarwa bayan gari. Awaki suka shinshina suka wuce. Dirkokin kirya kaɗai suka rage a tsaye, sun yi baƙi.

Jaje ya zo, ba zan ɓoye alherin mutane ba. Tabarmi, gero, zannuwa, kwanon rufin ɗakin da ya kama. Mutanen cocin Malam Markus ma sun aiko da masara. Amma ku lura da abin da ake kawowa. Abin kwanciya ne, da abin ci, da abin sawa. Jaje na gida ne. Ba wanda ke kawo wa sana'a komai.

Masu kaya suka sa rana suka zo tare, kamar yadda ake yi. Al'adar sana'ar ke nan tun kafin Kawu: amanar da wuta ko ruwa ya ci, ba a biya, mai kaya zai zo ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu. Suka cika zaure har waje. Alhaji Manu ya fara, da yake nasa ya fi yawa.

"Sahabi, Allah ya kawo, ba kai kak kawo ba. Na yahe duniya da lahira."

Na kusa da shi ya ce ya yafe. Haka ta yi ta zagayawa, kowa na faɗa ana cewa madalla. Har ta zo kan Tunau, yana tsugune a bakin ƙofa.

"Ni ban yahe ba."

"Tunau, ji tsoron Allah," in ji Alhaji. "Dubi gidan mutum."

"Na duba. Alhaji, kai kana da wata gona, kana da mota. Ni mi nika da shi? Jaki ma aro nay yi. Kuma wagga ba wutar sama ta ba, wutar kasko ta. An san ana tuya anka aje kayana kusa."

Na ce masa, "Mi kaka so?"

"Kuɗɗi ba ka da su, ido na gani. Baɗi in kawo albasata ka aje, ba lada. Wata shekara haka. Sai ranar da nic ce ya isa."

"Na yarda."

Aka tashi ana zaginsa. Wani ya ce ba shi da imani, wani ya ce talaka in ya samu wuyan mutum ya fi mai kuɗi matsewa. Ya hau jakin aronsa ya tafi bai waiwaya ba.

Hannuwan Hassi sun warke, amma fatar ta ɗaure, yatsun ba sa murza tunkuza. Ko da suna yi ma, ba ta ƙara kallon kaskon ba. Ban hana ta ba, ba wanda ya hana ta. Ta kife shi a bayan ɗaki, kaji ke kwana a gindinsa. Masu sari suka koma wani gida. Rana ɗaya ta ci sana'a biyu, don a tsakar gida ɗaya suke.

Fadamar da na gada wurin ubana na sayar na sake gini. Na kankare tsofaffin dirkoki, na ƙara sababbi, na sayi kara da ciyawa mai kyau. Inda aka fasa katanga da diga ban toshe ba, na sa ƙofar ƙarfe mai faɗi wadda kura za ta shiga. Ba tuya, ga ƙofa ta biyu. Duk abin da mutumin Birnin Kebbi ya ce, ya samu. Bazara ta zo, na share tabarmin tsinta, na zauna a zaure.

Motoci na wucewa da albasa. Amalanke na wucewa. Masu su na ɗaga mini hannu, wasu har su tsaya su tambayi jikin Hassi. Wata rana motar Alhaji Manu ta tsaya a ƙofata cike da kaya, na miƙe. Ya sauko, muka gaisa, ya miƙo mini goro.

"Alhaji, a sauke?"

"Bana na yi ma wani ɗan'uwa alkawari. Ka san zumunta."

"Ba ka yahe ba?"

"Na yahe har ga Allah, Sahabi. Ko yanzu ka tambaye ni, na yahe." Ya dubi gefen gida. "Na ji ka buɗe ƙohwa ta baya."

"Don wuta."

"Na sani. Amma inda ruwa ka shiga, buhu na hita."

Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya hau mota. Ba wanda ya taɓa ce mini mai sakaci. Ba wanda ya daina gaishe ni. Wanda ya yafe maka ya gama da kai, ba abin da zai sake kawo shi ƙofarka.

Malam Markus ya kawo 'yan buhunansa. Ya buga wa mutumin inshora waya a gabana, ya gaya masa an daina tuya, an buɗe ƙofa. Mutumin ya yi mini jaje, ya ce yanzu ana iya magana. Ya tambayi yawan kayan da ke ciki. Na dubi Malam Markus, shi ma ya dube ni. Na ce a gaya masa sai kaya sun zo. Ba mu sake kiransa ba. Shekara na zagayowa aka mai da Malam Markus Maiyama, daga can ya yi ritaya ya koma garinsu.

Tunau ya zo, kamar yadda ya faɗa. Jakin aro, baƙar magana, yana tsaye a kaina. Albasarsa ba ta cika rabin rudu ɗaya ba. Sauran suna tsaye wofi, ƙadangaru na shiga suna fita. Ba albasar da ta taɓa samun kulawar da tasa ta samu a ƙasar nan. Safe da yamma nake shinshinarta. Ba na samun ladan ko ɗaya a ciki, dako nake yi a kasuwa mu ci, amma da asuba ina da abin zagayawa, kuma in an tambayi sana'ata ina da amsa. Ina cewa in mutane sun ga tasa na fita lafiya shekara bayan shekara, wani zai gwada. Sun gani. Har yabawa suna yi a kasuwa. Ba wanda ya gwada.

Ya sayi injin ban ruwansa. Ya ƙara gona. Jaki ya zama amalanken shanu, nasa na kansa. Bara da kaka ya zo kwasa, muka buɗe, ta fito jawur, ɓawonta na ƙara a hannu. 'Yan dako suka gama lodi. Maimakon ya hau ya tafi yadda ya saba, sai ya shigo zaure ya zauna a tabarma. Bai taɓa zama ba. Ya sa aka sauke buhu ɗaya aka jingine a bango.

"Wanga na mine ne?" na ce.

"Lada."

"Ba mu yi da lada ba."

"Sahabi, ya isa. Na samu abin da nir rasa, har da ƙari. Sauran na yahe."

"Kak ka yahe."

Ya dube ni. "Kai wane irin mutum na? An taɓa roƙon a ci gaba da bin mutum?"

"Baɗi hwa? Kana kawowa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce kayan sun yi yawa yanzu, Birnin Malam da nisa, ɗansa ya kafa rudu a gona yana kwana can. Ya ce baɗi sai abin da Allah ya yi. Ya miƙo hannu muka yi musabaha, ya ce in yafe masa maganganun da ya yi ta gaya mini. Na ce na yafe. Mun rabu lafiya.

Bana ba wanda ya zo.

To ku masu son kafa rudu a bayan ɗakin uwarku, tsinta zan iya koya muku, hanci kuma yana zuwa da kansa. Amma kafin ku haƙa rami, ku tsaya a tsakar gidan ku duba ina murhu, ina ƙofa, wa ke kwana a ɗakin da ke jingine da ciyawar. Ku kira masu inshorar tun gidan bai cika ba, su shigo su gani da idonsu. In sun ce ba su karɓa, ku san su ma lissafin wuta suka yi. Kada ku dogara da yafiya. Za a yafe muku.

Na kwance rudun duka. Karan da ciyawar maƙwabta sun kwasa sun yi danga. Dirkokin suna jingine a lungu, wasu tun na hannun Kawu. In da mai so cikinku ya zo da wuri, don Hassi ta fara zararsu ɗaya-ɗaya tana tuwo. Kirya ce, tana daɗewa a murhu.